Buhu Mai Shuɗin Tsumma

A garinmu, nan gefen Gagarawa, in mace ta haifi ɗan fari to dangi ta haifa wa. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗaga shi, ko da hanjinta na tsinkewa. Kunya ke nan, haka muka taras. Yawanci abin yakan sassauta in yaro ya girma. Amma akwai masu riƙe shi hannu bibbiyu har tsufa, kuma a cikin irinsu ban taɓa ganin kamar Iya Rakiyya ba.

Shekara bakwai ta yi a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sannan Allah ya ba ta 'ya mace. Aka raɗa mata Halimatus Sa'adiyya, ana kiranta Kyauta. Ranar yaye, ƙanwar uban, Ummukulsum, ta zo ta goya ta ta wuce da ita gidanta, gida uku ne tsakani. Daga ranar har Kyauta ta kai arba'in da ɗaya, ta yi aure, ta haifi nata, Iya Rakiyya ba ta taɓa duban tsabar idonta ta yi mata magana ba. In zance ya taso sai ta juya wajen Ummukulsum.

"Ki gaya wa 'yar nan taki hadari ya haɗo, ta kwashe shanya."

Alhali 'yar tana zaune, gwiwarsu na gugar juna. Ummukulsum ta juya ta maimaita. Kyauta ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, ki ce wa Iya na ji." In kuwa Ummukulsum ba ta kusa, Iya sai ta gaya wa tukunya, ko turmi, ko jar akuyarta, mai kunne ya tsinta.

Abin bai taɓa damun kowa ba, sai da aiki ya haɗa su tabarma ɗaya.

Kyauta ce shugabar rumfar tsintar zoɓo ta unguwarmu, mata goma sha biyu. In kaka ta yi, manoma sun ɓare zoɓo sun shanya a ƙasa, yakan zo da tarkace iri-iri: kara, tsakuwa, gurguzu, har da kashin awaki, don akuya ba ta san shanya ba. Matan nan su zauna da faifai su tsince shi tas, su ɗura a buhu. Kowace tana ɗaure bakin buhunta da tsumma mai launinta, don yabo ko laifi ya san gidan da zai sauka. Duk Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, Kyauta ta bi mota ta kai wa Alhaji Dalhatu, mai tara wa kamfanonin da ke fitar da shi ƙasashen waje.

Tsumman Iya Rakiyya shuɗi ne, ta yage shi daga wani tsohon zanen rini na aurenta. Shekara goma Alhaji Dalhatu yana zazzage buhun kowa ya duba, in ya zo kan mai shuɗin tsumma sai ya dafa shi kawai ya ce, "Wannan ba a buɗe shi." Maganar nan ta fi wa Iya kitsen rago daɗi. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna Kano da Legas, abin da ya rage mata na fita ta zauna cikin mutane a san da ita, shi ne gefen tabarmar nan.

To, sai ido ya fara cin amanarta. Shekara biyu ke nan yana ta rufe mata shi a hankali, har ta koma ganin duniya kamar mai leƙe ta cikin ruwan gasara. Ba ta gaya wa kowa ba sai Ummukulsum, ita ma sai da ta sa ta rantse. Ummukulsum kuwa, da yake kullum tana zaune gefenta, sai ta riƙa yin dabara. In Iya ta gama faifai ta ture, ita sai ta jawo shi kamar mai neman wurin ajiye nata, ta bi shi da yatsu ta sake tsincewa, tana yi tana zuba surutu don kada a lura.

Wata Asabar rediyon da ke rataye a rumfa ya yi sanarwa: likitocin ido za su sauka a asibitin Gumel ranar Litinin ta sama, kwana uku kacal, suna cire yanar ido. Ummukulsum ta mintsini Iya a cinya.

"Matar Yaya, kin ji?"

"Na ji ana tallan takin zamani," in ji Iya.

"Wallahi sai na kai ki ko a ɗaure."

"Ke da wa? Ke da ko ɗankwalinki ba kya iya ɗaurewa daidai?"

Da ma wasa ne tsakaninsu, na matar wa da ƙanwar miji, shekara arba'in da ɗoriya suna yi. Ummukulsum ta yi niyyar ta bi ta da lallashi har ranar ta zo. Sai ga waya washegari daga Damagaram: autarta ta haifi tagwaye, babu mai yi mata wankan jego. Kafin azahar ta ƙulle kayanta ta hau mota, sai bayan arba'in.

Kwana huɗu Iya Rakiyya tana tsinta ita kaɗai, da yatsu da tawakkali. Abin da ya yi tauri ta jefar, abin da ya yi laushi ta bari. Ta cika buhu biyu ta ɗaure da shuɗin tsumma.

Ranar Alhamis Kyauta ta iske Alhaji Dalhatu da baƙo, wani wakilin kamfani da ya zo ganin irin kayan da ake kawowa. Alhaji na ganinta ya washe baki.

"Yawwa, ga mutanen Gagarawa. Ranka ya daɗe, yau za ka ga aiki. Ba zan ma zaɓa maka da yawa ba, a kawo mini mai shuɗin tsumman can."

Ya kwance da hannunsa, ya zazzage a kan tamfol. Zoɓo ya zubo ja wur, sai ga tsakuwa, sai ga guntayen kara. Sai kuma wasu 'yan baƙaƙen ƙwallaye suka gangara har gaban takalmin baƙon. Baƙon ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya murza, ya kai hanci. Ya ciro hankici ya goge yatsunsa.

Kyauta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Aka zazzage sauran buhunan, duk lafiya lau, baƙon ya ce zai karɓi waɗannan. Da ya tafi, Alhaji Dalhatu ya ja ta gefe.

"Hajiya Kyauta, wannan ba ganganci ba ne. Hannun da na sani shekara goma ba ya haka. Akwai dalili. Ki je ki tambaye ta."

"Alhaji," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "mahaifiyata ce. Ni ce ta fari."

Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya mayar. "Ashe haka ne. To, Allah ya kawo mafita."

Duk hanyar dawowa Kyauta tana saƙa da warwara. Ta ina za ta fara? Gwaggo ba ta nan. Ta ce wa uwar da ta haife ta an ga kashin akuya a buhunta? Gara harshenta ya guntule. Sai ta yanke shawarar da ta ga ta fi rufin asiri: ta ɓoye buhunan biyu a gidanta, ta yi magana a dunƙule, kowa ya ɗauki kaɗan, kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi, mata sun zazzauna, ta miƙe ta gyara mayafi.

"Jama'a, an samu ƙorafi a Maigatari. Ban kama sunan kowa ba. Amma wasu a cikinmu sun fara sakaci. Aikin nan ba dole ba ne. Wadda ta san hannunta ya gaji, ta huta, babu mai ganin laifinta."

 Sai Nana Aisha, wata tsohuwa sa'ar Iya, mai jan tsumma da bakin da ba ya ajiye magana, ta dire faifanta.

"Shugaba, wannan ai jifa ne a kasuwa. In ni ce ki ce Nana ke ce, in gyara. Yanzu kin sa kowa na kallon kowa."

"Na ce ban kama suna ba, Baba Nana."

"Ai shi ne ciwon."

Nan fa aka shiga. Wannan ta ce da ma ta lura wasu hira suke zuwa yi, waccan ta ce in da ita ake a fito fili. Mata biyu da suka shekara ashirin suna cin goro ɗaya suka juya wa juna baya. Iya Rakiyya kuwa sai ta ture faifanta. Ta lallubi ragowar shuɗin tsummanta a gefen tabarma, ta ninke shi, ta soke a ƙugu, ta miƙe a hankali. A bakin rumfa ta tsaya ta ce wa ginshiƙi, "Gwiwar nan tawa ta matsa mini. Sai an kwana biyu."

Ta tafi tana bin katanga da hannu. Kyauta ta ga hannun a jikin katangar, amma ta ɗauka gwiwar ce.

Iya ta koma gida da abu ɗaya a ranta: 'yar ta gane, kuma ta sallame ta cikin ladabi. Kyauta kuwa ta wuni tana cewa a ranta Iya ta yi fushi, ta ƙi ta. Ga Litinin saura kwana biyu, wadda ta san da zancen likitoci kuma tana Damagaram tana dafa ruwan jego.

Da safiyar Lahadi Kyauta ta kasa haƙuri, ta kira Gwaggo. Sai a kira na huɗu ya shiga.

"Alo? Yi magana da ƙarfi, rezon waya babu kyau nan! Kyauta ce?"

Kyauta ta zayyana mata komai, tun daga tamfol har ginshiƙi. Can ɓangaren ana jin kukan jarirai biyu, ɗaya na karɓar ɗaya.

"Innalillahi," in ji Ummukulsum. "Kaffara ta hau ni, amma bari in faɗa. Uwarki ba ta gani, Kyauta. Yana ce. Shekara biyu ni nake bin faifanta."

Kyauta ta zauna a kan turmi ba ta san ta zauna ba.

"Shekara biyu, Gwaggo? Ina zaune gabanta kullum?"

"Kina zaune kanki a ƙasa, ita kanta a gefe, wa zai ga wani? Kuma laifina ne, ban ɓoye ba. Ni na saba muku. Kin san sau nawa ta ce in gaya miki kin rame, ki riƙa cin abinci, ni kuma in ce miki tana gaishe ki? Sau nawa ke kika ce in tambaye ta ko tana bukatar wani abu, in ce mata kin ce sannu da gida? Ina rage wa magana nauyi don kada ta yi muku yawa, ashe ƙashinta nake zarewa. Ki ji, likitocin ido za su sauka Gumel gobe, kwana uku za su yi. In suka tafi, Allah kaɗai ya san ranar dawowarsu."

"To ki kira ta ki gaya mata ta shirya."

"Ba ta da waya, kuma ko tana da ita na gama. Shekara arba'in ina dakon maganarku, wuyana ya gaji. Gida uku ne tsakaninku. Taka ki je."

"Gwaggo, da wane bakin?"

"Da wanda kike cin tuwo. Ga Hassana ta farka, sai an jima."

Bayan la'asar Kyauta ta ɗauki ɗaya daga cikin buhunan nan biyu, da faifai biyu, ta yi sallama gidan Iya. Ta same ta a tsakar gida kan tabarma, ta miƙe ƙafa, jar akuya na tuƙa a gefenta. Iya ta amsa sallamar tana kallon rumbu. Kyauta ta durƙusa ta gaishe ta, ta zauna ɗan nesa, ta zuba zoɓo a faifai.  Tun a hanya ta shirya maganarta tsaf, sai ta dubi faifan da ke cinyarta ta sake ta gaba ɗaya.

"Faifai, a gaya wa Iya na san zancen ido. A gaya mata gobe da sassafe za mu Gumel. Na riga na yi wa mai mota magana. Aikin ba ya daɗewa, kuma an ce ba zafi. Ta shirya kayanta."

 Iya ta shafa wuyan akuya.

"Ja, ki gaya wa mai faifai Ummukulsum ta ci amana. Kuma ba inda za ni."

"Faifai, a ce mata likitoci ne na gaske."

"Ja, ki ce na ji. Ba za ni ba."

Kyauta ta buɗe baki za ta ƙara wata hujjar, don tana da su har guda biyar a jere. Sai maganar Alhaji Dalhatu ta faɗo mata. Bai ce ki je ki gaya mata ba, cewa ya yi ki je ki tambaye ta. Ta haɗiye hujjojinta. Ta tura faifai na biyu kusa da hannun Iya, ta zuba mata zoɓo, ta ce a hankali, "To a tambayar mini ita, me take tsoro?"

Daga nan ba ta ƙara ko tari ba. Ta ci gaba da tsinta.

Shirun ya yi tsawo. Kaza ta zo ta tsattsaga gefen tabarma ta wuce. Inuwar rumbu ta matso har ta taɓa ƙafafunsu. Sau biyu magana na zuwa wa Kyauta har leɓe tana mayar da ita. Can hannun Iya ya lallubo faifan, don hannun da ya saba ba ya iya ganin aiki ya ƙyale. Tana lalube tana jefarwa, sai ta fara, ba da akuya ba, ba da kowa ba.

"Ina da shekara tara, a Sule Tankarkar. Innarmu ta yi irin wannan yanar. Sai wani mutum ya zo ran kasuwa da jakar fata, ya ce yana buɗe ido. Aka kawo shi gida. Ya ce a samu mai riƙe mata kai. Manya duk suka ja baya, aka ce ni, hannuna ƙanana ne, ba zan ji mata ciwo ba. Na riƙe. Ya ciro wani abu kamar allura."

Ta riƙa juya wani ɗan kara a yatsunta.

"Kwana biyu tana ganin haske, ana ta guɗa. Rana ta uku idon ya kumbura. Daga nan ba ta ƙara ganin ko fitila ba, shekara goma sha tara. Ni na ja mata sanda har aka ɗaura mini aure. Ni na riƙe kan, ni na ja sandar." Ta ja numfashi. "Yanzu ko ba komai ina bambanta dare da rana. In na je aka ƙarasa shi, wa zai ja tawa? Mazan suna can. 'Yar da ban goya ba, ban yi wa tsarki ba, ban taɓa ko share wa hawaye ba, ita zan ɗora wa sanda? Da wane idon zan dube ta?"

Hawaye na ɗiga a faifan Kyauta, zoɓon na jiƙewa yana ƙara ja. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa jin labarin kakarta ba. Kuma ba ta taɓa sanin cewa kunyar nan da take ɗauka katanga ce, ashe bayanta akwai mai ganin kanta da laifi.

Wannan karon ba ta dubi faifai ba.

"Iya," ta ce, "lokacin da na yi ƙyanda, wa ya wuni tsaye a bayan zanan Gwaggo, kwana shida, rana na dukansa? Ina kwance ina hango ƙafafunki ta ƙasan zana. Na san zoben azurfar da ke yatsan ƙafarki. Ban taɓa faɗa ba, na ɗauka ba a faɗa. In sanda ce, Allah ya kiyaye, ni zan ja, kuma ba alfarma zan yi miki ba. Maganar da na yi a rumfa kuwa, ki yafe mini. Rufa miki na so yi, sai na yanke ki."

Iya ta juya fuska can gefe, ta kai bakin zane ido.

"Ja," ta ce da ƙyar, "ki ce na yafe. Amma allura dai..."

"Ba zan ce miki na san aikinsu ba, Iya, ban taɓa gani ba. Ki ba ni izini in tambaya a rumfa, a fili, ko akwai wadda ta san wanda aka yi wa. In ba mu samu wanda ya gani da idonsa ba, ba zan ƙara matsa miki ba."

 "A tambaya," Iya ta ce wa rumbu.

Litinin da safe, ranar farko ta likitoci, Kyauta ta tsaya gaban matan rumfa. Ta ce shekaranjiya ta yi kuskure, ta yi jifa a kasuwa kamar yadda Baba Nana ta faɗa, kowa ta yafe mata. Buhu biyu ne aka samu da matsala, na Iya ne, kuma ba sakaci ba ne, ido ne. Ta faɗi abin da ya sami kakarta. Sannan ta tambaya ko akwai wadda ta san wani da aka cire wa yana a asibiti.

Matan suka yi ta salati. Biyun da suka juya wa juna baya suka saci kallon juna, ɗaya ta ɓantari goro ta miƙa. Nana Aisha kuwa sai gyara zama take, tana ta kakkaɓe zanen da babu komai a kansa.

"Baba Nana, lafiya?"

"Kun tuna bara da na ce za ni Kano bikin jikata, na yi sati biyu?"

"Mun tuna. Har kika dawo da baƙin tabarau kina yanga."

"To babu wani biki. Idon nan na hagu aka yi mini. Na ji kunya a ce Nana ta tsufa."

Rumfa ta kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Wata ta ce, "Ashe duk bakin nan akwai abin da yake iya ɓoyewa!" Nana ta ce, "Ku yi ta yi. Shugaba, tashi mu je wajen waccan mai taurin kan."

Tun daga zaure ta fara. "Rakiyya! Ashe makauniya ce ke kina ta yi mana fankama da shuɗin tsumma?"

"Wa nake ji kamar Nana mai bakin gwangwani?"

"Ni ce. Miƙo hannunki." Ta kama yatsun Iya ta ɗora a kan fatar idonta na hagu. "Taɓa. Kin ji rami? Kin ji tabo? Wannan sai da ya rufe ruf, ko ɗan yatsana ba na gani. Suka ɗiga magani, suka yi 'yar allurar kashe zafi a gefe, ba zan yi miki ƙarya ba, ita kam na ji ta, kamar cizon tururuwa. Ina kwance ina jin suna hirarsu. Kafin in gama salatin da na ɗauko sun ce tashi. Washegari aka buɗe, na ga ashe surukata muni gare ta."

Iya ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ta shafa idon Nana, ta sake shafawa.

"Kuma wa ya riƙe miki kai?"

"Matashin kai ne. Ba a sa 'ya'yan mutane wannan aikin yanzu."

Iya ta sauke hannunta. Can ta ce, "Ja, ki gaya wa masu mota, in sun ga dama gobe."

Talata suka isa Gumel su uku har da Nana, a-daidaita-sahu ya sauke su ƙofar asibiti. Layi har waje, tsofaffi maza da mata daga Maigatari, daga ƙauyukan Sule Tankarkar, har da na tsallaken iyaka. Aka duba Iya aka ce idon dama za a fara yi, na hagu sai wani zuwan. Da aka kira sunanta ta miƙe, hannunta ya lalubo iska, ya faɗa cikin na Kyauta. Ba ta janye ba. Har bakin ƙofar ɗakin aiki tana riƙe da shi, ta matse kamar za ta karya.

Laraba da safe wani matashin likita ya zo cire bandeji. Ya ɓare a hankali, ya goge, ya ce ta buɗe. Iya ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba. Likitan ya jawo Kyauta ya tsayar da ita a gabanta.

"Mama, wace ce wannan? Faɗa mini sunanta."

Iya ta kau da kai ta dubi bango.

Fuskar likita ta canja. Ya matso da 'yar fitilarsa. "Mama, ba kya ganinta? Dubi nan. Sunanta kawai za ki faɗa."

Iya ta ƙara juya kai, har tana jan mayafi.

"Subhanallahi," in ji likita, ya waiwaya yana neman babbansu.

Nana Aisha da ke bakin gado ta fashe da dariya har tana dukan cinya. "Likita, kwantar da hankalinka! 'Yar fari ce. Ko ido huɗu ka sa mata ba za ta faɗa ba. Nuna mata ni ka ji."

"Waccan Nana ce," in ji Iya, "kuma ɗankwalinta a bai-bai yake."

Likita ya sauke ajiyar zuciya, ya ce shi kam yau ya ƙaru, ya wuce gado na gaba yana murmushi.

Sai aka bar su su kaɗai. A hankali Iya ta juyo. Ta fara daga ƙafafu, ta hau zane, ta hau hannayen da zoɓo ya rina, ta tsaya a fuska. Ta daɗe tana kallo, irin kallon da aka tara shekara da shekaru. Kyauta ta so sunkuyar da kai, ta daure ba ta yi ba.

"Ke," in ji Iya Rakiyya, "yaushe kika yi furfura haka ban sani ba?"

Kyauta ta yi dariya, kuka ya biyo ta. "Ta daɗe, Iya."

"Kuma kin rame. Tun yaushe nake aiko miki ki riƙa cin abinci."

"Saƙon bai iso ba sai yau."

Bayan sati shida shuɗin tsumma ya koma rumfa. Yanzu kafin a ɗaure buhu kowace sai ta miƙa wa ta gefenta faifanta ta duba, in an ga tsakuwa a ce ga tsakuwa, a wuce wurin. Ummukulsum ta dawo daga Damagaram da tsarabar cuku da labarin tagwaye, ta zauna a wurinta na da. Ba a jima ba Iya ta juyo, don sabo ba ya fita rana ɗaya.

"Ki gaya wa 'yar nan taki..."

"A'a, matar Yaya, na ajiye wannan aikin. Ga ta nan, kunnenta biyu."

Iya ta harare ta da sabon idon. Sannan ta ɗan karkata, ta ce, "Ke, zoɓon jiya bai gama bushewa ba, kada ki bari a ɗura shi."

"To, Iya. Me kike gani, a ƙara masa kwana ɗaya?"

"Biyu."

Sunan dai har yau ba ta faɗa ba, kuma babu wanda ya nema.